Sanda, Akwati ko Fitilar Ɗaki: Wace Na'urar Hasken UV-C Ce Ta Cancanci Shiga Gida?

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa mutane suka fara kallon mariƙin ƙofa da fuskar waya da idon zargi, na'urorin kashe ƙwayoyin cuta da hasken ultrabayolet suka cika kasuwanni. Akwai sanda mai kama da tocila da ake bin saman tebur da ita, akwai ƙaramin akwati da ake saka waya ko makullai a rufe, akwai doguwar fitila da ake kunnawa a fice daga ɗaki, sannan a baya-bayan nan an samu wata sabuwar fitila da aka ce ana iya zama a ƙarƙashinta ba tare da cutuwa ba. Kusan dukkansu suna ɗauke da alkawari ɗaya a jikin kwali, wato kashe kashi 99.9 cikin ɗari na ƙwayoyin cuta, kuma wannan alkawarin ne yake rikita mai saye, domin sau da yawa ba a faɗa masa a wane nisa, cikin daƙiƙa nawa, ko a kan wace ƙwaya aka samu wannan adadi ba.

Ita kanta fasahar ba yaudara ba ce. Tun a 1877 Arthur Downes da Thomas Blunt suka nuna a Ingila cewa hasken rana yana hana bakteriya yaɗuwa, kuma a shekarun 1930 William Wells ya gwada fitilun ultrabayolet a saman azuzuwan makarantu a Amurka don rage yaɗuwar ƙyanda. A yau matatun ruwa da asibitoci suna aiki da wannan haske kullum. Ɓangaren da ya fi kisa shi ne wanda ake kira UV-C, musamman mai tsawon zango tsakanin nanomita 200 da 280 (nanomita ƙanƙanin ma'aunin tsawo ne da ake bambance nau'o'in haske da shi), wanda ba ya iso mu daga rana domin iskar ozon ta sararin sama tana tare shi. Idan ya sauka a kan ƙwayar cuta, sinadarin gadonta yana shanye shi ya lalace, ta yadda ƙwayar ba za ta iya hayayyafa ba. Tambayar mai saye ita ce wace na'ura ce take iya kai wannan haske inda ake buƙata, da yawan da ake buƙata, ba tare da ta cutar da mutanen gida ba.

Ma'aunan da za a duba

Abu na farko shi ne ko na'urar tana fitar da UV-C ɗin gaske. Ido ba ya ganin UV-C, saboda haka shuɗi ko shunayyan hasken da ake gani ba hujja ba ne. Akwai na'urori masu arha da aka cika da ƙananan fitilun LED masu zango kusan nanomita 395, waɗanda suke sa farin yadi ya yi ƙyalli a duhu amma ba su da wani tasirin kirki a kan ƙwayoyin cuta cikin ɗan lokacin da ake haska su. Fitilun gaske iri uku ne: kwan gilashi mai ɗauke da turirin zaiba wanda yake fitar da nanomita 254, fitilun LED na musamman masu zango tsakanin 265 da 280, da kuma fitilun kirifton da kilorin masu nanomita 222. Na'urar da ba ta rubuta zangonta ba, ba ta cancanci a ci gaba da duba ta ba.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne yawan hasken da ya sauka a wurin. Ana lissafa shi ta hanyar ninka ƙarfin hasken da tsawon lokaci, kuma ana auna shi da milijul, wato ma'aunin yawan makamashi, a kowane murabba'in santimita. Fitilar da take saukar da miliwat 1 a murabba'in santimita tana buƙatar daƙiƙa 10 kafin ta tara milijul 10. Nisa kuma yana cin ƙarfin haske da sauri: ga ƙaramar fitila, idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayoyin ma juriyarsu ta bambanta. Bakteriya irin su E. coli suna mutuwa da ɗan haske, amma akwai masu taurin kai. Don a ga girman tazarar, ma'aunin inganci na Amurka mai suna NSF/ANSI 55 na na'urorin tace ruwan sha masu daraja ta ɗaya ya tanadi milijul 40, yayin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya milijul 186 don kashe kashi 99.99 na bairos a ruwa, saboda juriyar wani nau'in bairos da ake kira adenobairos.

Na uku shi ne inuwa da datti. UV-C a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa, ba ya ratsa maiƙo ko busasshen abinci ko ƙura mai kauri, kuma gilashin taga da yawancin robobi suna tare shi. Wanda yake son ganin wannan da idonsa zai iya kashe wutar ɗaki ya haska tocila a kan allon madannan kwamfuta daga sama: saman maɓallan zai yi haske, amma gefensu da ramukan da ke tsakaninsu, inda ɓarɓashin abinci da gumin yatsu suke taruwa, za su kasance cikin duhu. Duk inda tocilar ba ta kai ba, UV-C ma ba zai kai ba.

Na huɗu haɗari ne. Hasken nanomita 254 yana ƙona fata, kuma yana jawo ciwon ido irin wanda masu walda suka sani, inda mutum ba ya jin komai a lokacin, sai bayan awa 6 zuwa 12 ido ya yi ja, ya riƙa hawaye, ya ji kamar an zuba masa yashi. Ƙungiyar masana lafiyar wuraren aiki ta Amurka, ACGIH, ta ƙayyade wa ido milijul 6 kacal a yinin aiki na awa 8 a wannan zango. Idan aka ajiye wannan adadi kusa da waɗanda aka ambata a sama, za a ga cewa hasken da ya isa ya tsabtace tebur ya riga ya wuce abin da ido yake iya ɗauka. Ban da wannan, wasu fitilun zaiba suna fitar da zangon nanomita 185 wanda yake haifar da ozon, iskar da take tayar da asma da tari, sannan hasken yana sa roba ta yi rawaya ta tsattsage, launin yadi ya koɗe, ganyen shuke-shuke ya ƙone. Ragowar ma'aunan su ne tsada, ƙarko da sauƙin aiki, kuma za a taɓo su a ƙarƙashin kowace na'ura.

Sandar hannu

Sanda ce ta fi jan hankali, domin tana da arha, ba ta da nauyi, ana cajinta kamar waya, kuma tana ba mai riƙe da ita jin cewa yana yin wani abu. Amma ita ce mafi rauni a ma'auni na biyu. Batirinta ƙarami ne, fitilarta ƙarama ce, don haka dole a riƙe ta 'yan santimitoci daga wurin, a tsaya a kan kowane ɗan yanki na daƙiƙoƙi masu yawa kafin a matsa. A aikace kuwa mutum yakan kaɗa ta sama-sama a kan tebur cikin daƙiƙa biyu ko uku, hannunsa yana hawa yana sauka, kuma babu wata alama da za ta nuna masa inda ya tsallake. Tsumma mai jiƙe yana barin danshi a bayansa, sai a san inda aka goge. Sanda ba ta barin komai. Wanda zai bi ƙa'idarta sosai a kan teburin cin abinci guda zai ɓata lokacin da ya isa a goge teburin sau da yawa da sabulu.

Matsalar sanda ita ce tana tsaka mai wuya. Idan mai rauni ce, ba ta kashe komai. Idan mai ƙarfi ce, tana buɗe a hannu, a gaban fuska. A watan Yulin 2022 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a game da wasu sanduna da gwaji ya nuna suna fitar da hasken da zai iya raunata ido ko fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wasu sandunan suna da na'urar da take kashe fitila idan aka juya ta sama, kuma wannan kariya ce mai kyau, sai dai ba ta hana hasken da ya dawo daga gogaggen ƙarfe, ba ta kuma hana yaro ɗauka ya haska wa ƙaninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ja kunne cewa kada a haska irin waɗannan fitilu a hannu ko a wani sashe na jiki. Ta fuskar ƙarko, mai kwan gilashi tana fashewa idan ta faɗi, mai LED kuma ta fi juriya amma batirinta yakan riga fitilar mutuwa.

Akwati mai murfi

Akwati ya magance yawancin abubuwan da suka kayar da sanda, kuma ya yi hakan ne ta hanyar cire hannun mutum daga cikin lissafi. Nisa tsakanin fitila da kaya a tsaye yake, lokaci na'ura ce take ƙidaya shi, bangon ciki yawanci an lulluɓe shi da alminiyam mai mayar da haske, kuma akwati mai inganci yana kashe kansa da zarar an ɗaga murfi. Wannan makullin murfi shi ne abin da ya kamata a fara tambaya kafin saye. Akwatin da yake ci gaba da haske a buɗe ya rasa babban dalilin da ya sa aka fifita shi.

Ya fi dacewa da ƙananan kaya masu santsi waɗanda ba a son jiƙa su: waya, rimot, agogo, makullai, abin saurare na kunne. Amma ko a nan sai an lura da wasu abubuwa. Akwatin da fitilarsa take a murfi kaɗai yana tsabtace fuska ɗaya ne, sai an juya kayan an sake kunnawa; wanda ya fi shi yana da fitilu sama da ƙasa, da faifan gilashin kwatz ko ragar waya da hasken zai iya ratsawa. Idan aka cusa makullai biyar a zobe ɗaya, kowane makulli yana yi wa ɗan'uwansa inuwa. Wayar da take cikin rigarta, bayanta da bakin rigar ba su ga haske ba. Fuskar wayar da ta sha maiƙon yatsu kuma tana buƙatar a share ta tukuna.

Manyan akwatunan da ake sayarwa don bulumboti da kayan jarirai sun fi tsada, kuma wasunsu suna busar da kaya da iska mai ɗumi, wanda amfani ne na gaske domin danshi ne abincin bakteriya. Duk da haka ba su ɗauke wa kowa wankin kwalba da buroshi ba, kuma lungunan bakin roba na bulumboti wurare ne da tururi ko tafasasshen ruwa suke shiga cikin sauƙi fiye da haske. Tsadar ƙaramin akwati matsakaiciya ce, yana daɗewa tunda ba a yawo da shi, kuma aikinsa bai wuce danna maɓalli ba.

Fitilar ɗaki

Wannan ita ce ƙanwar manyan na'urorin da asibitoci suke turawa cikin ɗaki bayan an sallami majinyaci. A can an auna amfaninsu: wani bincike da Jami'ar Duke ta jagoranta a asibitoci 9, wanda aka buga a mujallar The Lancet a 2017, ya samu raguwar kusan kashi 30 cikin ɗari na kamuwa da wasu ƙwayoyi masu bijire wa magani a ɗakunan da aka ƙara UV-C a kan goge-gogen da aka saba. Abin lura shi ne ƙari aka yi, ba sauyi ba, kuma na'urorin asibiti suna da ƙarfi da tsadar da ta gida ba ta kama ƙafarsu ba, ga ma'aikatan da aka horar suna matsar da su daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ta gida yawanci kwan zaiba ce mai ƙidayar lokaci da rimot. Tana da ƙarfi fiye da sanda nesa ba kusa ba, tana tsabtace iskar ɗaki da duk fuskar da take kallonta kai tsaye, amma ƙarƙashin tebur, bayan kujera, cikin aljihun kabad da ɗaya gefen mariƙin ƙofa suna nan yadda suke. Ita ce kuma mafi haɗari a gida mai jama'a, domin dole a fitar da mutane, dabbobi da shuke-shuke, a kulle ƙofa, a tabbatar babu wanda zai shigo. Na'urar gano motsi mai kashe fitila wajibi ce a nan, ba ado ba. Idan mai fitar da ozon ce, sai an buɗe tagogi an jira kafin a koma. Kwan zaiba yakan yi aiki na kimanin awa 8,000 zuwa 9,000, kuma yana da wata ɗabi'a mai yaudara: yana ci gaba da ba da shuɗin haskensa bayan ƙarfin kisansa ya ragu. Idan ya fashe, ana buɗe taga, a fita na ɗan lokaci, a kwashe ɓaraguzan da kwali da salatif, kada a sa injin zuƙar ƙura domin zai watsa turirin zaiba a ɗakin.

Fitilar nanomita 222

Wannan haske, wanda David Brenner da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia suka yi fice wajen bincikensa, ba ya wuce matacciyar fatar sama ko shimfiɗar saman ido, shi ya sa a 2022 ACGIH ta ɗaga iyakar abin da aka yarda mutum ya ɗauka a wannan zango sosai. Sharaɗinsa shi ne fitilar ta kasance da matacin da yake tare sauran zangunan masu cutarwa. Tana da tsada ƙwarai, tana haifar da ɗan ozon, bincike kan tasirinta na tsawon shekaru yana ci gaba, kuma an fi ƙera ta don iskar wuraren taruwar jama'a. Sayenta don mariƙin firiji ɓarnar kuɗi ce.

Sabulu, bilic da sifirit

Kwatancen ba zai yi adalci ba idan aka bar abin da yake cikin kabad tun da. A binciken da NSF International, ƙungiyar gwajin ingancin kaya ta Amurka, ta yi a gidaje a 2011, soson wanke-wanke da tsumman kicin ne suka fi ɗaukar ƙwayoyi, sai wurin wanke kwanuka da mazubin buroshin haƙori. Waɗannan wurare ne masu danshi, masu ramuka da maiƙo, wato daidai inda haske ya fi gazawa. Sabulu da ruwa suna ɗauke datti tare da ƙwayoyin da ke cikinsa, abin da babu wata fitila da take yi. Bayan wanki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, wato awo 1 na bilic mai kashi 5 a cikin awo 49 na ruwa, ko sifirit mai kashi 70 zuwa 90, a bar wurin a jiƙe aƙalla minti 1. Ruwa yana shiga tsagar katako da lungun famfo. Nasa haɗarin shi ne bilic yana cin ƙarfe da launin yadi, haɗa shi da amoniya ko ruwan wanke masai mai asid yana fitar da iska mai guba, sifirit kuma yana kama wuta. Game da korona kuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana a Afrilun 2021 cewa kamuwa ta hanyar taɓa kaya ba ta da yawa, kuma wanki da sabulu ya wadatar a gidan da babu marar lafiya.

| Zaɓi | Tsada | Ƙarko | Sauƙin aiki | Haɗari | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|---|
| Sandar hannu | Mai arha | Kaɗan zuwa matsakaici | Wuyar yi daidai | Babba ga ido da fata | Hasken ba ya isa |
| Akwati mai murfi | Matsakaiciya | Mai kyau | Sauƙi ƙwarai | Kaɗan | Ƙananan kaya kaɗai |
| Fitilar ɗaki | Matsakaiciya, da canjin kwai | Kwai yana raguwa | Sai an kwashe kowa | Mafi girma | Inuwa, ozon, zaiba |
| Fitilar 222 | Mai tsada ƙwarai | Matsakaici | Sauƙi bayan an kafa | Kaɗan idan da mataci | An yi ta don iska |
| Sabulu, bilic, sifirit | Mafi arha | Saye akai-akai | Aikin hannu | Guba idan an haɗa | Bai dace da duk kayan lantarki ba |

Wa ya dace da wanne

Wanda damuwarsa kicin da banɗaki ce, wato katakon yankan nama, soso, famfo da masai, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin fitilun nan. Kuɗin ya fi amfani a kan canza soso akai-akai, ware katako na ɗanyen nama daban, da bilic da aka haɗa sabo a ranar da za a yi aiki da shi. Wanda yake aiki a asibiti ko wani wurin cunkoso, yake dawowa da waya, katin shaida da makullai da hannaye da yawa suka taɓa, shi ne akwati ya fi yi wa amfani, muddin ya zaɓi mai fitilu sama da ƙasa, mai makullin murfi, wanda ya rubuta zangonsa da yawan hasken da yake bayarwa, kuma da rahoton gwaji daga ɗakin binciken da ba na kamfanin ba. Ana sayar da katunan gwaji masu canza launi idan UV-C ya sauka a kansu, kuma saka ɗaya a kusurwar akwatin yana nuna ko hasken yana kai wa can. Idan waya ɗaya ce kawai, ya sani cewa Apple ta amince tun 2020 da goge wayoyinta da ƙyalle mai sifirit kashi 70, don haka akwatin sauƙi yake ƙarawa, ba larura ba ne.

Gidan da yake da jariri ko mai raunin garkuwar jiki ya riƙe wanki da tururi ko tafasawa a matsayin ginshiƙi, babban akwati mai busarwa ya zama ƙari idan hali ya samu. Mai amfani da injin taimakon numfashi na barci kuma ya bi umarnin wanki na kamfanin da ya ƙera shi, domin FDA ta yi gargaɗi a 2020 game da na'urorin ozon da na UV da ake tallatawa don tsabtace irin waɗannan injuna. Fitilar ɗaki ta dace ne kawai da ɗakin da ake iya kullewa da makulli, wanda babban mutum guda yake kula da shi, kamar ɗakin jinya bayan an wanke shi. A gidan da yara ko tsofaffi masu mantuwa suke kai-komo, haɗarinta ya rinjayi amfaninta. Matafiyin da yake tunanin sanda don rimot da makunnin wuta na ɗakin otal zai fi samun tabbas daga fakitin ƙyallen sifirit, wanda ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya buƙatar caji.